Daga Wankin Hoto Zuwa Man Shafawa

'Yan uwana mata, ku tambayi yayyenku zamanin da ake caɓa ado ranar sallah a tafi gidan mai hoto, a yi ta jira kafin a wanko. Manyan kasuwar fim a lokacin su ne Kodak na Amurka da Fujifilm na Japan.

Bayan shekarar 2000 kyamara marar fim ta cika gari, cinikin fim ya karye. Abin takaici, injiniyan Kodak ne ya fara ƙera irinta tun 1975, amma manyansa suka ƙanƙame fim saboda ribarsa. A 2012 bashi ya yi wa kamfanin katutu har ya nemi kariyar kotu.

Su kuwa Fujifilm zama suka yi suka duba abin da hannunsu ya saba. Ashe da kolajin ake yin fim, sinadarin nan da ke cikin fatarmu, kuma dabarar hana hoto koɗewa tana da amfani ga fata. Kun ji fa! A 2007 suka fito da man shafawa mai suna Astalift, suka ƙara dulmiya cikin harkar magunguna da na'urorin asibiti. Sai dai gyaran bai zo da sauƙi ba, don a 2006 suka sanar da rage ma'aikata wajen 5,000.