Tafiyar da Cibiyoyin Adana Bayanai na Kwamfuta: Darasi Daga Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manazarcin harshe na da, idan ya dawo daga fagen bincike, kaset da littafin rubutu yakan zuba a akwati ya kulle. A yau abin da ya tattaro yana kwance ne a cikin kwamfuta, wani lokaci ma a cikin kwamfutar da bai taɓa gani da idonsa ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake tafiyar da wuraren da ake ajiye irin waɗannan bayanai, da matsalolin da ke fuskantarsu ta fuskar bunƙasa da tsada da sabuwar fasaha. An ɗauki Kafanchan da kewayenta a matsayin misali, domin yanki ne mai ɗimbin harsuna, kamar Tyap da Jju da Hyam da Ninzo da Adara, waɗanda abin da aka rubuta da su bai taka kara ya karya ba. Idan muryar wani dattijo da aka ɗauka ta salwanta bayan rasuwarsa, babu inda za a sake samo ta.

2.0 Ma'anar Cibiyar Adana Bayanai

Cibiyar adana bayanai gini ne, ko ɗaki, da aka keɓe wa manyan kwamfutoci masu aiki dare da rana, waɗanda ake kira saba. Abubuwa huɗu ne ke riƙe da ita: wutar lantarki marar yankewa, da sanyi, da layin sadarwa, da ma'aikata ƙwararru. Cibiyar Uptime ta Amurka ta kasa irin waɗannan wurare zuwa matakai huɗu. Mai mataki na uku ana iya gyara kowane sashe nata ba tare da an kashe ta ba. Mai mataki na huɗu kuwa takan ci gaba da aiki ko da wani sashe ya lalace ba zato ba tsammani.

A Nijeriya, yawancin manyan cibiyoyin 'yan kasuwa a Legas suke, domin can ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. Daga cikinsu akwai Rack Centre, da MDXi ta kamfanin MainOne, wanda kamfanin Equinix na Amurka ya kammala saye a 2022 kan dala miliyan 320. A Arewa, kamfanin gwamnatin tarayya mai suna Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja, an kuma buɗe masa wata a Kano a 2023. Abin da makarantu da asibitocin kudancin Kaduna suka fi dogara da shi ƙaramin ɗakin saba ne, sai kuma hayar wuri a cibiyoyin nesa ta intanet, tsarin da ake kira girgije.

3.0 Matsalar Bunƙasa

Kafanchan ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Yanzu harkar ilimi da lafiya ce ke ƙara wa yankin nauyi. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya. A 2025 kuma an kafa jami'ar tarayya a Kachia, aka kuma mayar da babban asibitin Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya. Kowace daga cikinsu tana tara rajistar ɗalibai ko ta marasa lafiya, da sakamakon jarrabawa, da takardun albashi.

Bayanan harshe sun fi waɗannan cin wuri nesa ba kusa ba. Littafi guda na rubutu zalla bai cika wuce megabait ɗaya ko biyu ba, amma sa'a guda ta murya da aka ɗauka bisa ingancin da nazarin karin sauti yake buƙata takan kai daga megabait 350 zuwa gigabait ɗaya. Hoton bidiyo ya ninka haka. Saboda haka sashen da ya sayi ma'aji daidai da buƙatarsa ta bana, baɗi zai iske shi a cike.

4.0 Matsalar Tsada

Kuskuren da hukumomi suka fi yi shi ne su yi kasafin sayen na'ura, su manta da kuɗin riƙonta. Kusan duk wutar da saba ta sha zafi take komawa, dole kuma a sake kashe wata wutar wajen sanyaya ɗakin. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin lantarki ga masu samun sa'o'i 20 a rana zuwa naira 225 kan kowane ma'aunin kilowat na sa'a guda, kafin a ɗan rage shi daga baya. A bisa wannan farashi, ɗakin da ke jan kilowat 10 ba dare ba rana zai sha ma'auni 7,200 a wata, wato naira miliyan 1.62, ban da man dizal na janareta da sauya batura. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe matatan iska, da tsawar damina mai ƙona na'ura.

Girgije ma bai kuɓuta ba. Manyan kamfanonin waje da dala suka fi yanka farashi. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin hayar wuri ya ninka kusan sau uku ba tare da an ƙara ko fayil ɗaya ba. Sa'annan a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana, wasu bankuna suka kasa hidima.

5.0 Sabuwar Fasaha

Fasaha iri biyu ce ta shafi wannan batu. Ta farko mai rage kashe kuɗi ce: saba ɗaya tana iya rarrabuwa ta yi aikin da a da sai na'urori goma, wanda ke rage wuta da zafi, haka kuma wutar sola tana rage dogaro da dizal. Ta biyu ita ce ƙirƙirarriyar basira, wadda horar da ita yake buƙatar na'urori masu shan wuta ninkin-ba-ninkin na saba ta yau da kullum. Samfurin N-ATLAS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025 ya ƙunshi Hausa da Ibo da Yarbanci da Ingilishin Nijeriya. Harshen Tyap ya sami Wikipedia tasa a 2022, amma ƙananan harsuna ba za su shiga irin wannan fasaha ba sai an sami tsabtatattun bayanai masu cikakken sharhi. Aikin sashen harsuna shi ne tanadar bayanan. Na'urar horarwa kuwa hayarta ta fi sayenta sauƙi.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ɗakin saba na gida da girgije kowanne yana da rauninsa, don haka hikima ita ce a rarraba bayanai gwargwadon matsayinsu. Abin da ake aiki da shi kullum ya zauna kusa. Abin da ya ƙunshi sirrin mutane a kula da shi bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023, a kuma nemi iznin masu murya kafin a yaɗa ta. Abin da ba ya maimaituwa, kamar waƙoƙi da tatsuniyoyi da tarihin baka, a yi masa kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari dabam, kuma a riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci don a tabbatar yana aiki. Ya kamata makarantun yankin su haɗa gwiwa kan ma'aji guda mai kasafi na dindindin da ma'aikaci na musamman, maimakon kowane sashe ya riƙe nasa a kwamfutar malami ɗaya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.