Mu Koya wa Ƴaƴanmu Abin da Asusu Ya Koya Mana

 

Ran da muka yi rabon asusunmu na bara, kowa ta ƙulle nata a bakin zane, ana ta raha ana guɗa. Sai na lura da wata ƴar ƙungiyarmu ta yi tagumi, kuɗinta na hannu ko ƙirgawa ba ta yi ba. Na ce mata, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Ke dai bari. Kuɗɗi na samu, amma mi za su yi mini? Ɗana ya ce in ba shi na mota, wurin zinariya za shi. In na hana shi, shina tahiya ko da ƙasa." Nan take hira ta juya. Wannan ta ce nata ɗan kwana yake a fada ana shan shayi. Waccan ta ce ɗiyarta ta bar lakwal, ba ta da aiki sai riƙon waya. Bakin kowa ɗaya: yaran yanzu ba su jin magana.

Tsoronmu yana da dalili. Ba mu manta ba, a watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarinmu ke kwarara arewa, wasu har Libiya da Aljeriya. Wasu sun dawo da abin hannu, wasu sun dawo da ciwo, wasu har yau shiru. Ƴan mata kuwa, a Nijar uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin inda abin ya fi yawa. Ga shi kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Ke nan maganar matasa ta shafi kowane gida.

To amma tun ran nan nake tambayar kaina: mu da muke cewa ba su jin magana, mu magana ce ta canza mu?

Mu tuna yadda muka faro

A nan jihar Maraɗi aka haifi Mata Masu Dubara, a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Yau irin wannan asusu ya bazu cikin ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, amma tushensa ƙauyukanmu ne. Iyayenmu da suka fara shi ba wanda ya raba musu kuɗi. Akwati ne da kwaɗo, da ranar taro, da zubin da aka yarda da shi.

Ni na shiga ina da goyo, ban iya rubuta sunana ba. Sau nawa aka yi mini faɗa a kan ɓarnar kuɗi kafin nan? Bai hana ni komi ba. Abin da ya gyara ni huɗu ne. Ina da abin da nake so a raina, wato tukunyar suyar ƙuli-ƙuli tawa ta kaina. Na san adadin da zan zuba. Na san ranar. Sannan akwai idon mata da za su gan ni in na zo hannu wofi. Daga baya da na ga marubuciyarmu na rubuta sunana ban san abin da ta sa ba, kishi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci.

Waɗannan huɗun ne ba mu ba ƴaƴanmu ba. Muna ba su faɗa, muna ba su aike, muna ba su faranti su tafi talla su kawo mana ciniki. Amma abin da zai zama nasu, da adadi da rana da shaida, ba mu taɓa zama da su a kai ba.

Ɗiyata da jar akuya

Ba zan ɓoye muku ba, a gidana na fara ganin haka. Ɗiyata ta biyu ta faɗi jarrabawar BEPC tana da shekara 16. Ta shige ɗaki, ta daina fita, ta daina dariya. Ni kuwa kullum sai gori: "Ƙawayenki sun wuce, ke kina nan kamar turmi." Wata biyu ina yi, ba abin da ya ƙaru sai kumburin fuska. Har dangin babanta suka fara cewa tun da boko ya ƙi, a yi mata aure kawai.

Wata rana muna tsinkar zogale ni da ita, na gaji da faɗan, na ce, "Ke ɗiyar nan, don Allah ke mi kike so?" Ba ta amsa ba. Na yi shiru, kuma wallahi shirun nan ya fi mini faɗa wuya. Sai bayan kwana uku tana wanke-wanke ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Inna, ni aikin asibiti nike so. Amma na san ba ni iyawa."

Na kawo littafin da nake aikin ƙungiya da shi, na yago mata takarda daga baya. Na ce ta rubuta da hannunta. A sama ta sa aikin asibiti. Na ce, kafin shi sai mi? Ta ce sai BEPC. Kafin BEPC fa? Ta ce sai ta koma aji, da littattafai, da fitilar karatun dare. Na ce wa zai saya? Ta dube ni. Na ce ni zan biya kuɗin makaranta, amma sauran ki nemo dubara. Ita da kanta ta ce akuya. Jar akuyar Maraɗi kun san halinta, ba ta da tsadar riƙo, tana yawan haifar tagwaye. Na aike ta kasuwa ta tambayo da bakinta, ta dawo ta ce budurwar akuya jika 15. Muka zauna lissafi. In tana kwaɗon zogale ranakun da ba karatu, tana ajiye dala 100 kowane sati, sati 30 ke nan. Ta ja layi 30 a takardar, duk sati ta soke ɗaya.

Akuyar ta zo, ta haihu, aka sayar da ɗan taure aka sayi abin da ake bukata. Ta sake zama jarrabawa ta samu. Aikin asibiti har yanzu yana gaba, da sauran tafiya, Allah kaɗai ya san ƙarshe. Amma yarinyar da ta ce ba ta iyawa, yanzu ita ke tashe ni da asuba.

Ba kowane ne ke tafiya sumul ba

Kada ku ce na kawo muku maganin kowace cuta. Ɗan wana, mai shekara 17, shi ma zinariya ya sa a gaba. Na tambaye shi abin da zai yi da kuɗin in ya samo. Ya ce, "Gwaggo, babur." Na ce in babur ya lalace wa ke cin kuɗin? Ya yi dariya ya ce mai gyara. Daga nan muka kai shi wurin wani mai gyaran babura da injin ban ruwa, don duk mai zuwa fadamar Jiratawa da lambunan bakin tafki ya san injin ba ya rabo da lalacewa. Sau biyu yana gudu. Na farko wai maigidan ya zage shi gaban mutane. Na biyu abokai suka dawo daga daji da sabuwar waya. Yanzu dai ya koma, ya sayi sifana uku nasa na kansa, yana ajiye su ƙarƙashin katifa. Ban ce ya zauna ke nan ba. Amma yaron da ke da abin da zai yi asara in ya tafi, ba ya tashi da sauri kamar wanda bai ajiye komi ba.

Abin da na koya

Na farko, burin ya zama nasa. In ke kika zaɓa masa, aike ne, kuma ɗan aike da ya gaji sai ya zauna. Ki tambaya ki jira, ko da sati ne. In ya faɗi abin da ya ba ki dariya, ki haɗiye dariyar. Wanda ya ce ƙwallo yake so, ki tambaye shi takalmin nawa ne, daga nan lissafi ya fara.

Na biyu, a sa masa adadi da rana. "Ina so in yi arziki" ba ya kai kowa ko'ina. "Ina so in sayi kaji 4 kafin Sallar Layya", wannan ana iya binsa. Ku dubi dala 20 kawai a sati: a shekara jika 5 ne da dala 40. Yaro bai san haka ba sai ya ƙirga da hannunsa.

Na uku, a rubuta. Wadda ba ta yi karatu ba, ta sa yaron ya rubuta, ko a ja layi a bango da gawayi. Abin da ke kan takarda ba ya musu.

Na huɗu, a samo shaida wadda ba uwa ba. Tsakanin ɗa da uwa akwai kunya, akwai shagwaɓa, ɗan fari ma ko sunansa ba mu faɗi. Sai mu yi musaya: ni in riƙa tambayar ɗiyarki, ke ki riƙa tambayar tawa. Sau ɗaya a sati ya isa, "Ina aka kwana?"

Na biyar shi ne mai nauyi, kuma ni ma na taɓa faɗawa ciki: kada mu ci kuɗinsu. Wani sati baƙi suka sauka, ba kuɗin cefane, na buɗe gwangwanin ɗiyata na ɗauki jika ɗaya ban faɗa mata ba. Da ta gane ba ta ce uffan ba, amma sati uku ba ta ajiye ko dala ba. Sai da na mayar, na ba ta haƙuri gaban ƙanwata. Mu da muke sa wa akwatinmu kwaɗo uku don kada wata ta taɓa ita kaɗai, yaya za mu mayar da gwangwanin yaro aljihunmu? In dole ta kama, a roƙa, a faɗi ranar biya, a cika.

Dabarun zaman duniya

Ba kuɗi kaɗai ake tarawa ba. Matashi na bukatar ya iya lissafin uwar kuɗi da riba, ya iya tsayawa gaban manya ya yi bayani da ladabi ba rawar murya, ya iya cewa a'a in aboki ya miƙo masa ƙwaya, yarinya ta iya cewa a'a in mai sayen talla ya ce ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta. Namiji ya iya dafa abin da zai ci da wanke tufafinsa, don ran da ya fita biɗa ba uwa a can. Duk waɗannan sai an gwada ake iyawa. A ƙungiyarmu yanzu ƴan mata biyu ke zama kusa da marubuciya suna duba lissafi, kuma ranar da ɗaya ta kama kuskuren dala 50 gaban kowa, har gida ta je tana ba da labari. Wayar da muke kuka da ita ma, ki ce ya bugo Maraɗi ya ji kuɗin buhun gyaɗa kafin mu kai namu. Ya ga ana bukatarsa.

Akwai kuma ƙofofin da ya kamata mu ƙwanƙwasa. Cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, waɗanda ake kira CFM, suna karɓar yaran da suka bar lakwal, ana koyon ɗinki, walda, kafinta da makamantansu. Shirin Illimin, wanda aka fara a 2013 da tallafin UNFPA, yana tara ƴan mata matasa a koya musu karatu, kiwon lafiya da riƙon kuɗi. Ku tambayi ofishin magajin gari abin da ke akwai kusa da ku. Sannan tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare zaman yarinya a makaranta har shekara 16. Mu san da ita, don mu samu abin faɗa in an zo da maganar cire ta.

Maigida kuma kada a bar shi a baya. Ni sai da na nuna wa Malam takardar nan mai layi 30, rabi an soke, kafin ya ce wa ƴan'uwansa a dakata da maganar aure. Da baki kawai na je masa, da ban ci nasara ba.

Manomanmu sun riga mu gane wannan. Tun wajen 1983 aka fara sassaben zamani a ƙasar Maraɗi: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga dabbobi. Gonakin da suka zama fili fetal, yau ga itatuwa. Ba a kawo sabon iri daga wani wuri ba, saiwar tana nan a ƙasa tun da. Yaranmu ma ba wofi ba ne, ba mu dai duƙa mun duba abin da ke tohowa ba.

Ga roƙona. A taronku na sati mai zuwa, bayan an gama zubi, ku ware ɗan lokaci. Kowace mace ta faɗi matashi ɗaya na gidanta, ta zaɓi wadda za ta zame masa shaida. Ku koma gida ku yi tambayar nan, ku yi haƙurin jiran amsa. Ƙungiyar da ta ga za ta iya, ta buɗe wa matasa ƙaramin akwati nasu, su zaɓi shugabarsu da mai ajiyarsu, mu tsaya daga gefe muna duba musu littafi. Wadda ta gwada ta aiko mana da labari, mai daɗi ko marar daɗi, mu karanta mu ƙaru.

Ita ƴar'uwar tamu ta ranar rabo, ba ta ba da kuɗin mota ba. Ta sayi rago, ta ce wa ɗanta ya turke shi har Layya, riba a raba biyu. Ya yi kwana biyu yana fushi. Shekaranjiya na gan shi ya ɗauko harawa a ka.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a asusunmu da nasu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.