Bayani Kan Ƙananan Ƙwayoyin da ke Kai Magani Cikin Jiki

Tun bayan annobar korona, jama'a da dama suna tambayarmu ko gaskiya ne ana sanya wata na'ura a cikin allurar riga-kafi. Ba haka ba ne. Abin da ke cikin wasu alluran shi ne ƙananan ƙwayoyin kitse da ido ba ya gani, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi.

Aikinsu shi ne su lulluɓe magani, su kare shi daga lalacewa har ya isa inda ake buƙata, daga nan jiki ya narkar da su. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, maganin ciwon daji da aka haɗa ta wannan hanya. A 2020 kamfanonin Pfizer da Moderna suka yi amfani da ita a riga-kafin korona.

Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na R21, da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, yana ɗauke da makamantansu, waɗanda ake haɗawa da kitse da sinadarin ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile, domin zaburar da garkuwar jiki.

Zafi da daskarewa duk suna lalata wannan allura, saboda haka wajibi ne jami'an lafiya su adana ta a sanyin digiri 2 zuwa 8. Muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani, iyaye kuma su tabbata yaransu sun cika allura 4 inda shirin ya iso.