BIRKIN GANGA: LINZAMIN MOTA DA YADDA AKA ƘERA SHI

Ya ku malamai da attajirai masu karatun wannan shafi, ku sani duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin hanyar Zariya, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga abin da ya isa tunani. Ga tireloli sun ɗauko kaya sun nufi Unguwa Uku da Na'ibawa, ga 'yan Adaidaita Sahu suna saƙa tsakaninsu kamar ƙoshiya, ga masu jinya suna tsallakawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma almajirai sun fito daga lungunan Unguwar Gano da na Tarauni da robobinsu a hannu. Abin da ya raba waɗannan bayin Allah da ƙarƙashin taya ba wani abu ba ne illa wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa, ɓoye cikin ƙafar mota, waɗanda galibin masu motocin ba su taɓa ganinsu da ido ba. Mutum ba ya sayen doki sai ya duba bakinsa ya san irin linzamin da zai riƙe shi, amma sai ka ga attajiri ya sayi mota ya tambayi ƙarfin inji da shan mai, bai tambayi abin da ke tsayar da ita ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayanin wannan linzami dalla-dalla.

Fasali na farko: asalinsa

Keken doki na Turawan dā, da guntun katako ake tsayar da shi, a danna shi bisa bayan ƙafar. Da aka soma sa wa ƙafafu roba sai wannan dabara ta ƙi, aka koma ɗaura ɗamara ta ƙarfe a bayan wata ganga, in an ja ta shaƙe ta. Ita ma ba ta yi ƙarko ba, domin a waje take, ruwa da yashi suna cinta. A shekarar 1902 wani Bafaranshe, Louis Renault, ya juya al'amarin: ya mai da abin da ke riƙewa ciki, gangar ta rufe shi. Wannan shi ne birkin ganga, wanda makanikai ke ce wa dirom. A Ingila kuma wani mai suna Herbert Frood ya kafa kamfanin Ferodo a 1897 domin yin shimfiɗar da ke gogar ƙarfe. A 1917 Malcolm Loughead na Amurka ya yi rajistar dabarar tura birki da mai cikin bututu maimakon waya da sanduna, kuma a 1921 motar Duesenberg ta fito da irin wannan birki a ƙafafunta huɗu. Motocin da suka yi jigilar gyaɗa zuwa dalar Kano a zamanin iyayenmu, da wannan birki suka riƙa tsayawa.

Fasali na biyu: gaɓoɓinsa

Ya kai mai karatu, in ka sami sarari ka biya garejin wani bakanike a unguwarku ka roƙe shi ya buɗe maka ƙafar baya ta Adaidaita Sahu, domin gani ya kori ji. Abu biyar za ka tarar.

Na farko ita ce gangar kanta, wadda aka zuba da baƙin ƙarfe, siffarta kamar akushi. A jikinta ake ɗaure taya, tare suke juyawa. Na biyu wani faranti ne da ke bayanta, ɗaure da jikin mota, shi ba ya juyawa, kuma a kansa sauran kayan suke zaune. Na uku takalma biyu, kowanne kamar jinjirin wata, an manna ko an kafe masa shimfiɗa a doronsa, ita ce lainin. Na huɗu shi ne mai buɗa takalman. A ƙananan motoci da Adaidaita Sahu wani ɗan tulu ne mai fistin biyu, wanda man birki ke shiga ya tura su dama da hagu. A babur wani guntun ƙarfe ne mai faɗi, in an taka sai sanda ta murɗa shi ya raba takalman. Na biyar su ne sifirin masu jawo takalman su koma mazauninsu, da wata 'yar ƙusa mai haƙora da ake murɗawa domin rage tazarar da ke tsakanin takalmi da ganga gwargwadon yadda lainin ya ci.

Yadda ƙafar mutum ɗaya ke tsayar da mota kuwa, asirinsa yana ga man. Wani masani na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun ƙarni na 17 cewa ruwan da aka tsare cikin mazubi, in an matsa shi a gefe guda, matsin yana isa kowane gefe daidai. Kwatancinsa salka ce cike da ruwa: ka danna nan, ta kumbura can. To, direba ya taka, masta ta matsa mai, mai ya bi bututu ya tura fistin, fistin ya buɗa takalma, takalma suka dafe cikin ganga. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa. Shi ya sa in iska ta shiga bututu sai a ji birki ya yi laushi kamar an taka soso, sai an fitar da ita tukuna.

Fasali na uku: hikimar da ke ciki

A nan ne gwanintar maƙeran take. Ɗauki sanda ka kafa bakinta a ƙasa a karkace, ka tura ta gaba: za ka ji ta cije, iyakar turawarka iyakar cizonta. Ja ta baya kuwa, sai ta biyo ka salin-alin. Haka takalman nan biyu suke. Ɗaya, juyawar ganga tana jansa tana ƙara cusa shi a jikinta, watau motar da kanta take taimakon direba wajen tsayar da kanta. Ɗayan kuma juyawar tana neman ture shi. Na farkon shi ne mai cizo, ya fi aiki, ya kuma fi saurin cinyewa. In mota ta yi baya sai su yi musayar aiki.

Bisa ga wannan aka yi ƙira iri uku. Akwai mai takalmi ɗaya mai cizo da ɗaya mai bi, shi ne ya fi yawa a ƙafafun baya na ƙananan motoci, domin ƙarfinsa ɗaya ne gaba da baya. Akwai mai tulu biyu, wanda takalmansa duka biyu ke cizo in ana tafiya gaba. An yi amfani da shi a ƙafafun gaba na motocin dā, amma yana da rauni in ana ja da baya. Akwai kuma na uku, wanda ba a kafe gindin takalmansa ba, aka haɗa su da juna, na farko ya cija ya tura na biyu, na biyu ya cija fiye da shi. Wannan ya fi duka ƙarfi, ya kuma fi duka saurin fushi: ɗan mai ko ɗan ruwa ya taɓa lainin gefe guda, sai mota ta fizge zuwa gefe.

Manyan motoci kuwa, irin su tirela da tanka da tifa, da iska suke aiki, dabarar da George Westinghouse ya fito da ita domin jirgin ƙasa a 1869. Inji yana tara iska cikin tanki. In an taka, iska ta tura sanda, sanda ta murɗa wani ƙarfe mai lanƙwasa biyu, shi kuma ya buɗa takalma. An kuma sa wani ƙaƙƙarfan sifirin a ƙafafun baya wanda iska ce ke danne shi, domin in iskar ta zube ya saki ya kama motar da kansa. Wanda ya kashe wannan sifirin don kada mota ta tsaya masa a hanya, ya cire mata kariya ta ƙarshe.

Fasali na huɗu: zafi, babban abokin gaba

Birki ba ya hallaka gudun mota, juya shi yake yi ya zama zafi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi in an murza. Ga lissafi, ku da kuka saba da shi. Tirela mai nauyin tan 30 tana gudun kilomita 60 a awa, in ta tsaya sau ɗaya, zafin da zai fita ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 13. In kuwa ta sauko gangare mai zurfin mita 100 da birki kaɗai, zafin ya isa ya tafasa fiye da lita 90, watau kusan jarka huɗu. Duk wannan cikin gangunan zai taru. Direbobin da ke bin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, sun san ma'anar wannan lissafi.

Ganga rufaffiya ce, ba ta shan iska sosai. In ta yi zafi ƙwarai abu uku ke faruwa. Lainin ya yi santsi ya rage kamu. Gangar ta buɗe ta nisanci takalma, sai a ga ƙafar direba tana nutsewa har ƙasa. Man birki kuma ya tafasa ya zama tururi, alhali tururi matsuwa yake yi kamar iska. Cizon nan da muka yaba, shi ne kuma ke ninka hasarar, domin kamu ya ragu kaɗan, taimakon da juyawa ke bayarwa ya ragu da yawa. Abin da jama'a ke kira tsinkewar birki, sau da yawa ba abin da ya tsinke; wuta ce ta yi yawa. Maganinsa a sauko gangare da babbar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki.

Ku lura kuma da wannan ƙa'ida: in an ninka kaya, zafi ya ninku sau biyu, amma in an ninka gudu, sau huɗu yake ninkuwa. Motar da ke tsayawa cikin mita 5 a gudun kilomita 30, sai ta ci mita 20 a gudun 60, ta ci 45 a gudun 90. Ban da wannan, a gudun 60 mota tana shafe kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda, kafin ma ƙafar direba ta kai ga birki.

Saboda matsalar zafi ne aka koma ga birkin faifai, wanda yake a buɗe iska na dukansa. Motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, Citroën DS ta fito da shi kasuwa a 1955. Da yake nauyin mota gaba yake zubawa in an taka birki, sai aka sa faifai a gaba aka bar ganga a baya. Ba a yar da ganga ba, domin tana da araha, tana daɗewa, ta fi sauƙin haɗawa da birkin hannu, rufinta kuma yana kare ta daga ƙura. Har kamfanin Volkswagen ya sa ta a ƙafafun baya na motarsa mai lantarki, ID.3, wadda ta shiga kasuwa a 2020.

Fasali na biyar: abin da ya wajaba ga mai mota

An kawo Adaidaita Sahu Kano a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, suka yawaita bayan hana acaɓa a watan Janairu na 2013. Galibinsu ƙirar Bajaj ne da TVS, kuma da birkin ganga suke tsayawa. Da yawa daga cikinku kun saya kun ba yara suna kawo balas kullum. Yaron da aka ɗora wa kuɗin yini ba zai kai keke gareji da son ransa ba, sai mai shi ya sa shi. To, ga abin da za ku riƙe.

A buɗe ganga a duba lainin lokaci lokaci, kada a jira sai an ji ƙarfe na kukan ƙarfe. In za a sake, a sake na dama da na hagu tare, kuma iri ɗaya. In ka aika Ƙofar Ruwa sayen lainin, kada araha ta ruɗe ka, domin araha ba ta ado. A jikin galibin ganguna an rubuta iyakar faɗin da za su kai. Wadda aka sassaƙe ta wuce wannan, ta yi sirantar da ba za ta ɗauki zafi ba, a yar da ita. Lainin da mai ko giris ya jiƙa ba ya wankuwa, a sake shi, a kuma gyara inda man ke yoyo.

Man birki yana shan danshin iska. Irin da aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 140. Don haka masu ƙera motoci da yawa suka ce a sake shi duk shekara biyu, kuma kada a saya daga buɗaɗɗiyar kwalba, kada a zuba man inji ko ruwan sabulu a madadinsa. Mai tirela ya sa a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kullum. Da damina kuwa, in mota ta ratsa ruwan da ya kwanta a titi, direba ya ɗan taka birki a hankali yana tafiya har gangar ta bushe.

Akwai haƙƙin bakanike da yaransa kuma. An daɗe ana yin lainin da wani ma'adini mai zare da ake kira asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon dajin huhu bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta hana shi gaba ɗaya tun 2005. Ba a gane shi da ido, saboda haka kada yaro ya hure ƙurar ganga da baki ko da iskar famfo. A jiƙa tsumma a share.

Malamanmu sun fi kowa sanin cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma wanda ya saki dabbarsa ta yi ɓarna ana tambayarsa. Kuɗin takalman birki bai kai balas na 'yan kwanaki ba, ran yaron da ke tsallaka hanyar Zariya kuwa ba shi da fansa. Attajiri ya tambayi direbansa yaushe rabon da a buɗe ganga, malami kuma ya faɗakar da masu zuwa zaurensa. Allah ya kiyashe mu da mummunan tsautsayi, ya kai matafiya gida lafiya. Haza wassalamu.