Akwati ɗaya, jarin mata goma: ina kayanmu ke shiga idan an canza jirgi?

A ƙungiyoyinmu da yawa, daga Maraɗi har Damagaram da Tawa, bashin asusu ya wuce na sayen gyaɗar ƙuli-ƙuli da kiwon tunkiya kaɗai. Yanzu mata kan haɗa kuɗɗi su damƙa ma ɗaya daga cikinsu, ta tafi Dubai ko Istanbul ko Gwanzu ta ƙasar Sin ta saro abaya, mayafai, takalma da kayan ɗakin amare. Wata kuma Umra za ta tafi, a bi ta da saƙo. Abin da ke cikin akwatin irin wannan matafiya ba nata ba ne ita kaɗai, zubin mata ne na watanni. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna kan wurin da kaya suka fi salwanta, wato filin jirgin tsakiya, inda ake sauka daga wannan jirgi a shiga wancan.

Babu jirgin da zai ɗauke ki daga filin Diori Hamani na Yamai ya dire ki Dubai ko Gwanzu kai tsaye. Dole a yada zango: Adis Ababa idan Ethiopian ne, Istanbul idan Turkish ne, Kazablanka idan jirgin Maroko ne, Lome idan ASKY ne. Matan Maraɗi da Damagaram da dama ma ta Kano suke tashi, tunda ta fi masu kusa nesa ba kusa ba a kan Yamai. Ko ta ina aka bi, tambayar ɗaya ce: a wurin zangon, zan ɗauki kayana ne, ko za su wuce da kansu?

Tun wajen sayen tikiti ake yanke wannan magana, tun ba a ɗaure kaya ba. Idan tikiti ɗaya ne daga farkon tafiya har ƙarshenta, mai lambar ajiyar wuri guda, to kamfanin jirgi ne ke da alhakin sauke akwatinki daga jirgin farko ya sa shi a na biyu. Ke dai ki sauka da jakar hannunki, ki bi allon da aka rubuta Transfer ko Transit ko Correspondance, a sake duba jakar, ki nemi ƙofar jirginki. Ba ki shiga ƙasar ba, saboda haka ba ruwanki da ƴan duwan ɗinsu. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfanin ne zai sa ki a wani ba tare da kin ƙara ko dala ba.

Tikiti biyu kuwa wata magana ce daban, kuma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Wani ɗan ajans zai ce maki ya samo hanya mai sauƙi, a ce ragin jikka 80, ya haɗa maki wannan kamfani zuwa zango, wani kamfanin daga zango zuwa can. Abin da ba ya faɗi shi ne kamfanin farko ya gama da ke a inda ya sauke ki. Galibi sai kin ɗauki akwatunanki kin sake kai su awo, kuma wurin ɗaukar kaya yana bayan masu duba fasfo ne. Ma'ana sai kin shiga ƙasar, sai kina da bizarta, sai kin bi ta gaban duwan. Mace mai fasfon Nijar da ba ta da wannan biza tana iya tsayawa tana hangen wurin da kayanta ke juyawa, ba halin isa gare su. Sau da yawa ma tun a Yamai ko Kano za a hana ta shiga jirgi. Ga kuma kilo: kamfanin farko ya yarda maki da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, na biyu ya ce shi ɗaya ya sani, sauran ki biya. Idan kuma jirgin farko ya yi latti, tikiti na biyu ya ƙone, ba mai biyan ki. Mu dai a ganinmu, matar da ke ɗauke da kuɗɗin ƙungiya ba ta da hurumin yin irin wannan caca, komin ragin da aka yi mata.

A kula kuma da garuruwa masu filin jirgi fiye da ɗaya. Istanbul tana da biyu, sabon babban filin da kuma Sabiha Gokcen a can ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa cikin mota. Tikitin da ya sauke ki a ɗaya ya ce ki tashi daga ɗayan, ai shiga Turkiyya kenan da kayanki niƙi-niƙi.

Haruffa uku a jikin akwati

Lokacin awon kaya, ma'aikaciya kan liƙa doguwar takarda a hannun akwati. Manyan haruffa uku da ke jikinta su ne sunan inda akwatin zai sauka: DXB Dubai, CAN Gwanzu, IST Istanbul, JED Jidda, KAN Kano, NIM Yamai. Ko ba ki yi lakwal ba, haruffa uku ba su fi ƙarfinki ba. Sa ɗiyarki ta rubuta maki su a takarda tun daga gida, ki gwada da ido. Idan za ki Dubai ta Adis kika ga ADD kaɗai a jikin akwati ba DXB, kada ki bar wurin, kayanki Adis za su tsaya. Ki buɗe baki ki tambaya: ranki shi daɗe, kayan nan har ina aka rubuta su? Kunya a nan ba ta da amfani.

Za ta kuma ba ki ƴan ƙananan takardu masu lamba, ɗaya ga kowane akwati, yawanci a liƙe bayan katin shiga jirgi ko jikin fasfo. Ki ƙidaya su. Akwati biyu kika ba da, takarda biyu za ki karɓa, ba uku ba. Ku ɗauki hotonsu da waya tare da hoton akwatunan, ku tura ma shugabar ƙungiya ko ma'aji kafin jirgi ya tashi. Ba don tsoron ɓata kaɗai muke faɗin haka ba. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba a Madina, wadda ta tashi daga Kano zuwa Umra tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar taramol da aka liƙa ma sunanta. Bincike ya nuna wasu miyagu ne a filin jirgin suka sa jakar da sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta, wata huɗu tana tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Don haka maganar “Hajiya, don Allah ki riƙe mini wannan ɗan ƙunshi, ɗana zai karɓa a can” ba ta da wuri a filin jirgi, ko daga bakin wa ta fito. Saƙon ƴan uwa ma a buɗe shi a gida, a gaban mai shi, kafin a sa a akwati.

Inda tikiti ɗaya ma ba ya hutar da ke

Akwai yanayin da ko tikitinki ɗaya ne sai kin ɗauki kaya a tsakiyar hanya: idan jirgi na gaba na cikin gida ne. Duwan na son ganin kaya a ƙofar farko da suka shigo ƙasa. Wadda ta sauka Gwanzu za ta wuce Yiwu da ƙaramin jirgi, ko wadda ta dawo ta Legas ko Abuja za ta hau jirgin Kano, galibi a filin farko za ta ɗauki akwatunanta, ta bi ta duwan, sannan ta sake miƙa su. Amurka ta fi kowa tsauri a nan: a garin farko da kika sauka ake buga fasfo, ki ɗauki kaya, ki wuce duwan, ki ajiye su a wani kanta da ke gaba kaɗan, kuma ko wucewa kawai za ki yi zuwa wata ƙasa sai da biza. Iyayen da ke zuwa wankan jegon ɗiyansu a can su sani kilishi da dambun nama ba sa shiga. Ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana nama da kayan madara a cikin kayan matafiyi. Irin wannan canji yana cin lokaci. Zangon awa ɗaya da rabi ba zai isa ba, a nemi na awa uku ko fiye.

A gaban duwan ƙofa biyu ce, koriya ga wadda ba ta da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Bin koriyar ƙofa tamkar rantsuwa ce cewa ba ki ɗauke da komi, idan aka buɗe aka samu, laifin ya zama na ɓoyewa. Kuɗɗin saro kaya na cikin abin da ake bayyanawa: Dubai daga abin da ya haura dirhami 60,000, ƙasar Sin abin da ya wuce dalar Amurka 5,000, Turai daga yuro 10,000. Bayyanawa ba haraji ba ne, takarda ce za ki cika ki wuce da kuɗɗinki. Magunguna kuma a tafi da su cikin kwalinsu tare da takardar likita, don taramol da ire-irensa na iya kai mutum gidan kaso a Dubai. Goro ma hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa ga masu zuwa Saudiyya.

Jakar hannu ita ce za ta kwana da ke. Idan zango ya yi tsawo, kamfani irin Ethiopian kan ba da masauki ga mai jiran awa 8 zuwa 24 a kan tikitinsu, amma manyan akwatuna na nan filin jirgi, ba za ki gan su ba. Zane guda na canji, magani, caja da abin sallah su kasance a hannu. Kuɗɗi, zinari, waya da takardun sayayya ma haka, kada su shiga akwatin awo. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka dokar jirage ma ta ce a hannu ake riƙe shi. Sai dai abin ruwa: duk kwalbar da ta wuce mililita 100 za a karɓe ta wajen binciken zango, ko da an bar ki kin shigo da ita jirgin farko. Humra da man shafawa da yawa sun ƙare a kwandon shara na Adis da Istanbul ta haka. Turaren da aka saya a shagon filin jirgi a bar shi cikin ledarsa a liƙe da takardar sayensa har a iso gida. Masu saro turaren feshi kuma su sani ko a akwatin awo abin da aka yarda ma mutum ɗaya bai wuce lita 2 ba, kowace kwalba kada ta fi rabin lita. Na sayarwa da yawa hanyar kargo ce tasa. Akwati ɗaya kuma ba ya wuce kilo 32 ko za ki biya nawa, sai a raba shi biyu.

Idan an iso, kowa ya kwashe nasa, naki bai fito ba, kada ki yarda da “je ki gida, Hajiya, za mu kira ki”. Kafin ki fita daga zauren, ki je ofishin kayan da suka ɓata da ƴar takardarki mai lamba, a cika maki takardar ƙorafi, ki karɓi taki da lambar fayil a jiki. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda mafi yawan ƙasashe ke aiki da ita, ta ba da kwana 7 don kai ƙara a rubuce idan akwati ya iso a fashe, kwana 21 idan ya iso a makare, kuma wanda ya kwana 21 bai zo ba ana iya neman diyyarsa a matsayin ɓatacce. Amma ga inda ya shafe mu ƙwarai: diyyar tana da iyaka, ba ta fi sefa miliyan 1 da ƴan kai ba, kuma a kan matafiyi ɗaya ake lissafa ta, ba a kan akwati ba, balle a kan yawan matan da suka zuba kuɗɗi. Kayan miliyan 3 na mata goma idan suka ɓace a hannun mace ɗaya, diyyar mutum ɗaya za a biya, ita ma sai an nuna takardun sayayya. Ana iya bayyana darajar kaya tun wajen awo a biya ƙari don ɗaga wannan iyaka, ko a raba: kaɗan a akwati, mafi yawa ta kargo da takardunsa.

Saura duwan na gida. Abaya 60 iri ɗaya ba wanda zai yarda kayan sawarki ne, haja ce, kuma za a yi mata kuɗɗin fito bisa darajarta, ga harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kai. Takardar sayayya ta gaskiya ita ce abin riƙonki. In babu ita, jami'i ne zai ƙiyasta, kuma ba lalle ƙiyasinsa ya yi maki daɗi ba. Duk abin da kika biya ki karɓi takardar shaida mai hatimi, don za a iya tambayar ta a shingayen hanyar Dosso da Ƙonni. Wadda ta sauka Kano kuwa ƙofa biyu ke gabanta, ta filin jirgi da ta iyaka, Ɗan Isa ga ƴan Maraɗi, Ɗan Barto ko Magarya ga ƴan Damagaram, abin da ta biya can bai ɗauke mata na nan ba.

Kafin a buɗe akwatin asusu a ƙirga ma mai tafiya kuɗɗi, muna ba da shawara ta kawo tikitin wurin taro a gani, ɗaya ne ko biyu, awa nawa ne zangon. Sakatariya ta rubuta a littafi adadin da kowace ta ba da, da yadda za a raba kuɗɗin duwan da na ƙarin kilo, da wanda zai ɗauki asara idan akwati bai iso ba, kowa ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.