3.4 Saka wa Tsayayyen Shafi Riga da Ɗora shi a Intanet

Tsayayyen shafi shi ne wanda aka riga aka gina dukkan fayilolinsa tun kafin mai karatu ya nema, saɓanin irin na WordPress da ke harhaɗa shafi daga rumbun bayanai a duk lokacin da aka buɗe shi. Fitattun manhajojin da ke wannan aiki sun haɗa da Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya ƙirƙiro a 2008, da kuma Hugo, wadda Steve Francia ya fitar a 2013. A wannan sashe za a ɗauki Hugo a matsayin misali.

3.4.1 Ma'anar Riga

A wannan nazari, riga na nufin tarin fayilolin da ke tsara kamannin shafi, wato launi da jerin kanu da salon haruffa. Shi kuwa rubutun ana adana shi daban, cikin tsarin Markdown wanda John Gruber ya samar a 2004. Ke nan ana iya sauya riga ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ta rubutun ba.

3.4.2 Matakan Shiryawa

Da farko ana sauko da rigar a ajiye ta cikin jakar themes, sannan a rubuta sunanta a fayil ɗin hugo.toml. A nan ne kuma ake sa adireshin shafin da lambar harshe, wadda ta Hausa ita ce ha. Bayan haka sai a ba da umarnin hugo server domin a duba shafin a kan kwamfuta kafin kowa ya gan shi.

A wannan mataki ne matsalar da ta shafi Hausa ke bayyana. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan rigar ta zo da irin wannan salo, burauza takan aro haruffan daga wani salo daban, sai su fito a karkace ko da girma daban. Wannan kan sa wasu marubuta su watsar da lanƙwasa gaba ɗaya, alhali ita ce ke bambanta kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Mafita ita ce a sauya salon da wanda ke da waɗannan haruffa, kamar Andika ko Noto Sans. Har ila yau, idan rigar ta tanadi fassara, ana mayar da kalmominta zuwa Hausa ta hanyar sa fayil ɗin ha.toml cikin jakar i18n.

3.4.3 Ɗorawa

Umarnin hugo shi ke gina shafin dungurungum, ya zuba shi cikin jakar public. Wannan jaka ce ake turawa zuwa uwar garke, alal misali GitHub Pages ko Netlify. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta adireshi ba daidai ba, wanda kan sa rubutu ya fito tsirara babu riga. Haka kuma duk rubutun da aka bari da alamar daftari ba zai fito ba.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a ga cewa zaɓen riga ga shafin Hausa ya wuce batun ado, domin ya shafi ƙa'idojin rubutu kai tsaye.