Yadda zafin bazara ke durƙusar da kwamfutoci a ƙananan shaguna

Da misalin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ƙaramin shagon buga takardu a Kano ko Sakkwato yakan koma tamkar tanda. Rufin kwano ya sha rana tun safe, na'urar kwafi tana huci, ɗalibai sun yi layi suna jiran a fitar musu da takardar shiga jarrabawa.

A daidai wannan lokaci ne kwamfutar ke fara nauyi. Fankarta ta riƙa kuka, shafin da ke buɗewa nan take ya koma sai an jira, can kuma sai ta mutu ɗif alhali ba a ɗauke wuta ba.

Mai shago yakan ɗora laifin a kan janareta ko dillalin da ya sayar masa da ita. Amma sau da yawa matsalar tana ƙarƙashin tebur, inda aka kulle akwatin kwamfutar, wanda aka fi sani da CPU, a cikin kabad ɗin katako don kare shi daga ƙura da ɓarayi.

Abin na zuwa ne a lokacin da ciniki ya fi tafiya. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a 'yan shekarun nan ana yin ta ne tsakanin Afrilu da Mayu, wato tsakiyar bazara. Shagon da kwamfutarsa ta tsaya a wannan mako, maƙwabcinsa ne zai kwashe masa kwastomomi.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta ja, zafi take komawa. Kwamfutar girke irin ta ofis, idan tana aiki sosai, takan ja abin da ya kai wat 100, kwatankwacin ɗumin da jikin babban mutum ke fitarwa idan yana zaune. Wadda ake haɗa bidiyo da ita kan ninka haka sau uku ko fiye.

Mafi yawan zafin yana taruwa ne a ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa. A kanta akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ke zuƙe zafin, sai fanka ta hura shi waje. A yawancin kwamfutoci iska tana shiga ta gaba ne ta fita ta baya.

A nan ne kabad ke ɓata lissafi. Idan ƙofarsa a rufe take kuma bayansa a toshe, iskar da ta fito da zafi ba ta da wurin zuwa, sai ta zagayo ta sake shiga ta gaba. Kowane zagaye yana ƙara mata zafi.

Mutane da yawa kan saka ƙaramar fanka a cikin kabad ɗin su rufe, suna ganin an magance matsalar. Fanka tana sanyaya mutum ne saboda tana busar masa da gumi. Kwamfuta ba ta gumi, don haka ba za ta taɓa yin sanyin da ya wuce na iskar da take shaƙa ba. Fanka a rufaffen wuri juya zafin kawai take yi, har ma ta ƙara da nata.

Iyakar da kamfanoni suka gindaya

Yawancin kwamfutocin da ke irin waɗannan shaguna na hannu ne, samfurin HP da Dell, waɗanda aka ƙera domin ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki. Littattafan da ke tare da akasarinsu sun nuna cewa an tsara su ne su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba.

A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, zafin waje kansa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ke nan tun kafin a kulle ta a kabad, kwamfutar ta riga ta wuce iyakarta.

Kamfanin Dell ya ba da shawarar a bar tazarar aƙalla santimita 10 a duk ɓangaren da kwamfutar ke da ƙofofin iska, kuma idan kabad ɗin yana da ƙofa, ta zama wadda iska ke ratsawa ta gaba da baya.

Furosesa tana da dabarar kare kanta. Idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta, abin da mai shago ke gani a matsayin nauyi. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar baki ɗaya.

Sauran kayan ba su da wannan gata. Ma'adanar bayanai mai faifai, inda takardun kwastomomi da kundin binciken ɗalibai suke, galibi ba a so zafinta ya wuce digiri 55 zuwa 60. Batirin UPS kuma an tsara shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsa. Wannan na cikin dalilan da ke sa batirin da ya kamata ya yi shekaru ya gaji da wuri.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

Mafita mafi sauƙi ita ce a fito da kwamfutar sarari, a ɗora ta a kan tebur ko ɗan benci, nesa da taga mai rana. Wanda ke tsoron sata yana iya sa mai walda ya yi masa keji na ƙarfe mai kwaɗo, wanda iska ke wucewa ta kowane gefe.

Idan kuwa dole sai a kabad, to kafinta ya buɗe masa hanyoyi biyu: ɗaya a ƙasa ta gaba domin iska mai sanyi ta shiga, ɗaya a sama ta baya domin mai zafi ta fita, tunda iska mai zafi sama take yi. A ramin baya sai a ɗaura fanka mai faɗin santimita 12 tana hurawa waje. Akwai masu amfani da USB, waɗanda ke tashi tare da kwamfutar. Guda ɗaya ta ishi kwamfutar ofis.

Kada kuma a manna bayan kabad ɗin da bango, domin hakan daidai yake da toshe ramin. Haka nan UPS da batiran inbata kowanne ya samu wurinsa daban.

Shagon kansa ma babban kabad ne, musamman idan kwantena ce. Na'urar kwafi da firintar leza suna narkar da garin tawada ne da zafin da ya doshi digiri 200, ga kuma na'urar like takardu da leda. Bai kamata iskar da suke fitarwa ta fuskanci gaban kwamfuta ba. Silin a ƙarƙashin kwano, rumfa a saman kwantena, da fankar bango mai zuƙe iska waje, duk suna rage zafin ɗakin. Janareta kuwa wurinsa waje ne, nesa da ƙofa, saboda hayaƙinsa na kisa.

Ƙurar hunturu, wahalar bazara

Matsalar Afrilu tun a Disamba take somawa. Ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta tsakanin haƙoran ƙarfen nan har ta zama kamar bargo, iska ta kasa ratsawa. Saboda haka ƙarshen Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa a yi shara.

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a fita da ita waje a hure ta da bulowa, ana riƙe da fukafukan fankar don kada iska ta juya su fiye da kima. Raga mai laushi a ramin shigar iska tana tare ƙura, amma sai ana wanke ta a kai a kai, in ba haka ba ita ma ta zama toshiya.

Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani maiko mai kama da man goge baki wanda ke miƙa zafi. Yakan bushe bayan shekaru, kuma kwamfutar hannu ta riga ta kwana biyu kafin ta iso. Mai gyara zai iya sauya shi cikin mintuna kaɗan.

Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna zafin furosesa, sai CrystalDiskInfo da ke nuna na ma'adanar bayanai. Gwajin ba shi da wuya: a duba lambar da tsakar rana kabad yana rufe, a buɗe ƙofar na tsawon minti 20 a sake dubawa. Idan ta sauka sosai, an gano mai laifi.

Kuɗin kafinta da na fanka ɗaya bai kai ko kusa da na sabuwar kwamfuta ba. Ita kwamfutar ma ana iya sake sayen wata a Farm Centre ko Titin Beirut. Kundin ɗalibin da ya shekara yana rubutawa, idan ya tafi tare da ma'adanar da zafi ya lalata kuma ba a ajiye kwafinsa a wani wuri ba, babu kasuwar da ake sayar da shi.